Muryar da Na Yi wa Hawan Ƙawara

Assalamu alaikum. Duk wanda ya kira ni a waya yanzu, abin da yake fara tambaya shi ne, "Malam, mura kake yi?" Na gaji da bayani, sai in ce masa eh. Ba mura ba ce. Tun 2011 haka muryata take, a dishe, kamar ana jan buhun gero a kan siminti. Alhali akwai lokacin da nakan tsaya a tsakiyar fili ba lasifika, in ɗaga waƙa, mai rake da ke can bakin titi ya karɓa mini amshi. Zan faɗi yadda aka yi na rasa ta. Ba zan kama sunan kowa ba, don kaso mafi tsoka na laifin nawa ne.

An haife ni a 1969 a cikin garin Sakkwato, wajen Ƙofar Rini. Mahaifina baduku ne, kakana ma haka. Na tashi cikin warin fatar jar akuya da ake kawowa daga majema, ina kallon Baba yana ɗinka kube da jaka da kayan doki. Gidanmu ba gidan makaɗa ba ne, kuma wanda ya san Sakkwato ya san abin da wannan magana take nufi. Baba yana son waƙa kamar me. In gidan rediyon Rima ya sako Narambaɗa ko Ɗanƙwairo, sai ka ga basilla ta tsaya a hannunsa, ba mai tari har a gama. Waƙa yake so, mawaƙi ne ba ya so a zuriyarsa. A wurinsa duk wanda ya buɗe baki gaban jama'a aka ba shi kuɗi maroƙi ne, roƙo kuwa gado ne, mu ba mu gada ba.

Wajen Inna na tsinci waƙa, a bakin dutsen niƙa da gindin turmi. Wasa kuma a tashe na fara shi. Da azumi ya kai goma sai mu haɗa gemun auduga, mu cusa tsumma a riga ya zama tumbi, mu bi gida-gida. Ni ake sa wa gaba kullum, saboda in na ɗaga murya har matan gida na uku suna jin mun iso, su tanadi hatsinmu.

A sakandare malamin Hausa ya ja ni ƙungiyar wasan kwaikwayo. Makarantar maza ce zalla, muryata kuma lokacin siririya ce, sai aka ba ni amarya. Na ɗaura zane, na kafa kallabi, na yi waƙar kukan rabuwa da gida har wasu malamai suna share ido. Kafin in dawo hutu labari ya riga ni isa. Baba bai ko ɗago kai daga fatar da yake yanka ba.

"An ce an gane ka da zane da kallabi gaban mutane. Gaskiya ta?"

"Baba, wasa na, na makaranta."

"Ni dai ɗa namiji na san na haihwa. In roƙo kaka so, ka tahi gidan maroƙa, ba gidan ga ba."

Bai kore ni ba, amma daga ranar ya daina kirana rumfa. Ƙannena ya koya wa sana'a, ni ya bar ni da bakina. Lokacin murna ma na yi.

Na shiga ƙungiyar wasa ta cikin gari a 1988, shekarar da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu. Kasuwar wasan dandamali tana ci a lokacin, ga shirin MAMSER da gwamnatin Babangida ta kafa a 1987 yana neman masu wayar da kan jama'a, ga bukukuwan salla, ga makarantu. Irin wasan da muke yi, yaran yanzu ba su san shi ba, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. Labari ne ake tafiya da shi da magana kamar kowane wasa, amma da zance ya yi zafi, ya kai inda magana ba za ta ɗauka ba, sai kalangu ya shigo, ɗan wasa ya juye zuwa waƙa, 'yan amshi huɗu ko biyar suna gefen labule suna karɓa. Muna da masu kalangu biyu, mai kotso ɗaya, da wani dattijo mai gurmi da ba ya taɓa zuwa gwaji amma bai taɓa kuskure ba. Waƙar ba ado ba ce da aka liƙa wa labari. In ka cire ta labarin ya rushe, domin a cikinta ake saki, a cikinta ake yafiya, a cikinta mutum yake mutuwa. Kuma ba a cewa "a sake". In ka manta baiti, sai ka ƙirƙiro wani nan take, mai kalangu ya bi ka.

Akwai wasan da ya fito da ni, na wani ɗan cin rani da ya tafi Kurmi ya shekara bakwai ba aike, ya dawo da akwati da rediyo ya tarar an binne uwarsa da kwana uku. Ƙarshen wasan waƙa ce a bakin kabari, ni kaɗai, gurmi kawai ke bina. Mun kai shi Argungu, mun kai shi Gusau, mun tsallaka ta Illela mun kai shi Birnin Ƙonni. A Ƙonni ne ina tsakiyar waƙar, a durƙushe gaban tulin yashin da muka yi kabari da shi, sai na ji hannu a kafaɗata. Wata tsohuwa ce ta hawo dandamali, ba wanda ya tare ta. Tana kuka tana cewa, "Yi haƙuri ɗana, ta yahe maka, uwa ba ta riƙo." Ta kwance bakin zanenta ta danƙa mini 'yan tsabar sefa. Ban san yadda na ƙarasa waƙar ba. Daga baya aka ce mana ɗanta ya tafi neman kuɗi shekaru da yawa, ko labarinsa babu. Har yau in aka ce mini wasan kwaikwayo shashanci ne, wannan tsohuwa nake tunawa, in yi shiru.

To, a nan girman kai ya shige ni. Na ɗauki muryata kamar rijiyar da ba ta ƙafewa. Ko an kawo makirufo sai in ture shi, in ce na ragwaye ne. Yaran da ke amfani da shi har dariya nake musu. Ba na shan ruwa kafin wasa don kada fitsari ya matsa mini, sai dai goro da shayi mai kauri. In an tashi ƙarfe ɗayan dare in zauna in ci tsire da yaji har hawaye, in kwanta nan take, da asuba in tashi ƙirjina na zafi, maƙogwaro na ɗaci. In murya ta dishe, maganinta a wurina shi ne in ƙara matsa mata har ta buɗe. Kuma tana buɗewa. Abin da ya yaudare ni ke nan.

Finafinan bidiyo na Kano da suka fara a shekarun 1990 suka janye mana 'yan kallo sannu a hankali. Wa zai sayi tikiti ya zauna a benci sauro na cizonsa, ga kaset a ɗaki? Bayan ƙaddamar da shari'a a jihar a 2000 tarukan dare suka ƙara ja baya, matan ƙungiyarmu kusan duk suka yi aure suka bari. A 2001 na tattara na tafi Kano, wai ni ma a dama da ni. Ranar farko a sutudiyo aka sa ni wani ɗan ɗaki kamar akurki, aka ɗora mini abin ji a kunne. Ina buɗe baki yaron da ke kan fiyano ya dafe kai ya ce, "Baba, rage, za ka fasa mana kaya." Su murya mai laushi suke so, wadda za ta hau kan kiɗan fiyano, wani ya rera wani ya motsa baki a fim. Tawa muryar fili ce. Wata takwas ina kwana a shagon wani ɗan garinmu a Fagge, na dawo da jakar da na tafi da ita.

Abin da ya sake tayar da mu shi ne aikin wayar da kai. Bayan taƙaddamar allurar shan inna ta 2003, ƙungiyoyi suka fara ɗaukar 'yan wasa zuwa ƙauyuka, daga baya aka ƙara da zancen awon ciki, yoyon fitsari, da karatun 'ya'ya mata. A bayan a-kori-kura muke tafiya, Gwadabawa, Tangaza, Wurno, Rabah, Boɗinga, Yabo, duk inda kasuwa ke ci. Da yawan wasa ake biya, saboda haka sai mu yi uku a yini, wani lokaci huɗu. Ka tsaya tsakanin masu awon hatsi da 'yan tireda, jakuna na kuka, injin niƙa na ruri, iskar hunturu na ɗura maka ƙura a baki, kai kuma dole ka fi su duka ƙara. In bazara ce kuma, zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 ba sai na ba kowa labari ba. Akwai lasifika a motar, ba zan yi ƙarya ba. Ni ne nake cewa a bar ta.

A watan Disamba na 2009, a wata kasuwar ƙauye gabas da Sakkwato, wasa na uku a ranar, na kai wani baiti da ake ɗaga murya sama. Sai na ji wani abu kamar an tsinke zare a wuyana. Na buɗe baki, iska kawai. Na sake, iska. Jama'a suka kwashe da dariya, sun ɗauka cikin wasan ne. Mai kalangu ne ya gane, ya ƙara wuta, 'yan amshi suka rufe ni har aka sauka.

Da a ce washegari na tafi asibiti, da wataƙila wannan labari bai kai a rubuta ba. Shekara guda cur na yi ina yawo. Zuma da lemun tsami, citta da kanumfari, masoro, man shanu da safe, turare, rubutu. Mai kemis ya yi ta ba ni ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta kala-kala, kuɗi na tafiya, murya na nan jiya i yau. Sai masu faɗa suka fara faɗa: wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, hannu aka sa maka. Wa ya amfana? Yaron da aka ba matsayina a wasa, wanda ni na koya masa tsayuwa a dandamali. Na yarda. Wallahi na yarda, don ya fi mini sauƙi a ce wani ne ya cuce ni. Na daina amsa gaisuwarsa, na ɓata shi wurin mutane da 'yar muryar da ta rage mini. Lokacin ambaliyar 2010, wadda ta cinye garuruwa a yankin Goronyo har ta karya gadar hanyar jami'a, ƙungiyarmu ta je yi wa waɗanda suka rasa gidajensu wasa. Na bi su a matsayin mai ɗaukar ganguna. Ina tsaye a gefe ina jin yaron yana rera waƙar da na tsara, zuciyata kamar ta fashe.

Mai ɗakina ce ta matsa har na ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Ya zura wata siririyar na'ura mai kyamara ta hancina, ya juyo mini allon. Karo na farko ke nan da na ga abin da na ci abinci da shi shekara ashirin: wasu 'yan tantani biyu farare, ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba, suna buɗewa suna rufewa. A jikin ɗaya akwai wani ɗan tsiro ja. Likita ya ce in mutum yana magana, waɗannan tantani suna bugun juna fiye da sau ɗari a daƙiƙa ɗaya. In ana tilasta musu ihu, ga bushewa, ga ƙura, ga ruwan ciki mai tsami da ke tasowa da dare yana ƙona su, sai su yi kanta kamar hannun manomi, ko wata 'yar jijiyar jini ta fashe ta bar tsiro irin nawa. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce shekara. Ya ajiye biro ya ce dishewar da ta wuce mako uku ba ta zuma ba ce, ta asibiti ce, don wani lokaci ma abin da ya fi wannan muni ne ke ɓoye a ƙarƙashinta. Ban ga sammu a allon nan ba. Aikina na gani.

Aka yi mini aiki a watan Janairu na 2011. 'Yan ƙungiya suka yi karo-karo, sai daga baya na ji wanda ya fi kowa bayarwa shi ne yaron nan, kekensa ya sayar. Aiki ya yi kyau. Doka kuma a fili take: mako guda ba magana ko kaɗan, ko raɗa, don likita ya ce raɗa ma wahalar da tantanin take yi. Bayan nan magana kaɗan-kaɗan, waƙa kuwa sai ya duba ya ba da izini, kuma kada in sa rai kafin wata uku. Na sayi littafin rubutu. Mai ɗakina ba ta yi boko ba, sai na koma ajamin da na baro a makarantar allo, ina rubuta mata "ruwa", "kunu", "ina yara", tana dariyar karkataccen rubutuna. Cikin duk shekarun aurenmu ban taɓa sauraronta kamar wannan mako ba. Da na fara magana a hankali, murya ta fito tas, kamar ta saurayi. Na yi sujada.

Saura wata biyu da 'yan kwanaki zaɓen Afrilu na 2011. Wanda ya san lokacin siyasa ya san kakar mawaƙa ce. Ana bina bashin asibiti, ana bina kuɗin haya, an koro yara biyu daga makaranta. Kwana ashirin da shida da yin aiki wani mutum ya yi sallama da magariba, ya ce maigidansa na son waƙa uku a wajen gangami, ya ajiye ambulan a kan tabarma, ya ce rabi ne, sauran sai an sauka. Da ya fita mai ɗakina ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, likita hwa ya hana."

"Waƙa ukku ta kawai. Kuma da lasifika."

"Mu ci gari da ruwa, ba mu mutuwa. Mai da mishi kuɗinai."

Na ce mata mace ba ta san nauyin gida ba. Wannan kalma har gobe tana cina.

Lasifikar tana nan, amma wa ke jin lasifika cikin dubban mutane da ganguna da babura? Waƙar farko lafiya. A ta biyu tsohon hali ya motsa, na ga taro, na ji ana kiran sunana, na saki murya gaba ɗaya. A ta uku na ji ɗanɗanon jini. Da na koma asibiti likita ya duba ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce wurin da bai gama warkewa ba ya yi tabo, tabo kuma ba tsiro ba ne da za a yanke a huta, tantanin ya yi tauri, ba zai ƙara kaɗawa kamar da ba. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cikon kuɗin kuwa har yau ban gan shi ba, wanda aka ba ni bai kai wata biyu ba.

Shekaru biyun da suka biyo baya ba na son tuna su. Na karɓi babur ina kabu-kabu, ina naɗe fuska da rawani, ba don ƙura kaɗai ba. Duk da haka sai fasinja ya leƙo ya ce, "Kai, ba kai ne ɗan cin rani ba?" In ce kama ce. Abubuwan da ba ka zata ba su suka fi ciwo: ka kasa kiran ɗanka daga zaure, ka yi sallama a ƙofar gida ba a ji ba, ka ɗauki Alƙur'ani ka kasa ja da ƙarfi. Na zama mai saurin fushi, yara suna ganina su watse. Akwai daren da na zauna a kan babur a bakin gulbi har aka yi kiran assalatu, ba abin da nake so illa kada gari ya waye.

Baba ne ya aiko ƙanena ya kira ni. Ya tsufa, ido ya yi rauni. Na shiga rumfa ina jiran ya ce ai na faɗa maka. Bai ce ba. Matsawa ya yi a kan buzu, ya miƙo mini basilla da wani guntun fata.

"Zamna. Wagga sana'a ba ta son surutu."

Ina da shekara 44 na fara koyon abin da ƙannena suka iya tun suna goma. Hannu ya yi ta fashewa har ya yi kanta. Wata rana muna aiki rediyo ya sako wani tsohon ɗauka na wasanmu, muryata ta da ta cika rumfar. Na sunkuyar da kai. Baba bai kashe ba, bai kuma ce uffan ba, amma na ga basilla ta tsaya a hannunsa har aka gama. Sannan ya ce, "Riƙe fatar ga daidai, tana karkacewa." Ya rasu a 2014, Allah Ya jiƙansa.

Bayan rasuwarsa na je gidan yaron nan da na zarga. Na faɗa masa duk abin da na ce a kansa, har wanda bai ji ba. Ya ce, "Maigida, duk na ji tun lokacin." Ya yafe, amma ba zan ce mun koma kamar da ba. Yana girmama ni, yana aiko mini da yaransa da salla, sai dai akwai 'yar tazarar da ni na haƙa ta.

Yanzu ina rumfar Baba, jaka da takalma nake ɗinkawa, ana rufa asiri. Ranar Asabar kuma ina koyar da wasa a wata makarantar sakandare, ina tsara musu waƙoƙi, in buga musu kari da tafi tunda ba zan iya rerawa ba. Yaran suna ce mini Baba Ruwa, saboda ba mai hawa dandamalina sai ya sha ruwa, sai mun yi minti goma muna gunji a hankali baki rufe kafin a buɗe murya, kuma wanda ya zo da mura ranar ɗan kallo ne. Wanda muryarsa ta dishe ta ƙi komawa, da kaina nake zuwa wurin ubansa in ce a kai shi asibiti. Wani uban ya ce mini, "Malam, a kan dishewa?" Na ce ya saurari tawa da kyau.

A bikin ƙarshen zangon da ya wuce mun sake yin wasan ɗan cin rani, na mayar da shi 'ya mace da aka kai aikatau birni. Yarinyar da ta hau tana da murya irin wadda ake samu sau ɗaya a shekaru. Tana durƙusawa gaban kabari aka ɗauke wuta, makirufo ya mutu. Ta waiwayo ta dube ni, na ga ta cika ƙirji za ta yi da ƙarfinta, kuma na san za ta iya, har bayan zauren za a ji ta. Na ɗaga mata hannu na ce ta tsaya. Zaure ya ɗauki hayaniya, shugaban makaranta yana ta harara ta, manyan baƙi na duba agogo. Kusan minti goma ana fama da janareta, ita tana durƙushe, na miƙa mata gorar ruwa ta bayan labule. Da wuta ta kawo mai gurmi ya ɗauko daga farko. Tana rerawa ina bin baitin da leɓe, har inda tsohuwar Ƙonni ta dafa ni.